Ƙulli Biyu a Kunnen Finjali

Sana'ata sayen tsofaffin kayan gidajen alhazai ce. Idan aka gama Hajji baƙi suka watse, masu manyan gidajen haya sukan so sabunta kaya: katifa, gado, firiji, da na'urar sanyaya ɗaki da a nan muke kira mukayyif. Ni nake zuwa in duba, in yi ciniki, in kwasa a a-kori-kura zuwa sitona da ke unguwar Ka'akiyya a nan Makka. Wanda zai gyaru in gyara, in sayar wa masu ƙaramin ƙarfi. Da dako na fara. Na zo Umra daga Kano ina saurayi, na ƙi komawa, na yi shekaru ba takarda, kunnena kullum yana bakin titi. Daga baya Allah ya haɗa ni da kafili mai mutunci, wato ɗan ƙasa da ya tsaya mini, na samu iƙama, takardar zama, na yi aure, na kama sito. Na faɗi wannan tun farko ne domin in ban faɗa ba, ba za a gane wautar da na daɗe ina yi a kan allon wasan ɗawula ba.

A unguwar Zahir, bayan wata ƙaramar kasuwa, akwai mirkaz, wato dogayen kujerun katako masu tsayi da shimfiɗa a kai, inda mazan unguwa ke zama tsakanin la'asar da magariba. Mai shi wani tsoho ne da ya ƙare ƙuruciyarsa yana tuƙa motar alhazai. Kowa Baba yake ce masa. Masu zama wurin Hausawa ne, amma kusan dukansu haihuwar Makka ne, kakanninsu ne suka zo da ƙafa ta Sudan. Ni kaɗai ne na zo a jirgi na maƙale.

Allon ɗawula ɗaya ne a wurin, na Baba ne, kuma ba kowa ke taɓa shi ba. Mutum takwas ne masu layi. Kowannensu yana da finjalin shayinsa, ɗan ƙaramin gilashi mai kunne, a kan tiren Baba. Sauran jama'a 'yan kallo ne, suna sha a kofin takarda. Shekara shida na yi ina sha a kofin takarda, har wani daga cikin takwas ɗin ya koma Jidda wurin 'ya'yansa. Ranar nan Baba ya wanke finjalin mutumin ya tura gabana. Ban taɓa gaya wa kowa ba, amma a duk zamana na Makka nan ne wuri na farko da in ban zo ba ake bugo waya a tambayi lafiya.

Na san abin da malamai ke faɗa a kan wasan da ake jefa ƙwaya, kuma ban zo kare shi ba. Abin da zan iya cewa shi ne ba a taɓa sa kuɗi ko halala ɗaya a kan allon nan ba, kuma da ladan ya ɗaga murya ake rufe shi, ko wasa ya kai ina.

Ga wanda bai san wasan ba: allo ne mai buɗewa kamar akwati, an raba shi zango huɗu, kowane zango gurbi shida. Kowa yana da 'ya'ya goma sha biyar. Ana jefa ƙwayoyi biyu masu ido ɗaya zuwa shida, irin na lido, abin da suka nuna shi za ka taka. In biyun suka nuna ido iri ɗaya, tagwaye ke nan, sau huɗu ake takawa. Kai kana kora 'ya'yanka ta nan, abokin karawarka yana koro nasa ta can, dole ku gifta juna. Zangon ƙarshe shi ne gidanka. Sai duk goma sha biyar ɗin sun shiga gida kafin ka fara fitar da su daga allo, wanda ya riga gamawa shi ya ci. Ɗa biyu a gurbi ɗaya sun kulle shi, ba mai sauka a kansu. Ɗa tilo kuwa in aka sauka a kansa an buge shi ke nan, sai ya koma farkon tafiya, cikin gidan abokin karawa, ya sake sabon lale.

Faɗuwa iri biyu ce. Akwai ta yau da kullum: an riga ka gamawa, amma kai ma ka fitar da ko ɗa ɗaya ne. Akwai kuma marsi: ya kwashe nasa duka, kai ko ɗaya ba ka fitar ba. Ko'ina ci biyu ake ɗaukar marsi. A mirkaz ɗin Baba ya fi haka tsada. Duk wanda aka yi wa marsi, Baba zai ciro zare ya yi ƙulli ɗaya a kunnen finjalinsa. In sabon wata ya kama, sai ya yanke zaren kowa. Amma in ƙulli ya kai uku a wata ɗaya, za a kife finjalinka a kan kanta, ba za ka sake taɓa allo ba sai bayan Hajji mai zuwa, wani ɗan kallo ya hau gurbinka. Na ga an yi wa mutum biyu haka. Ba wanda ya dawo a cikinsu, don kunya ba ta barin mutum ya koma kofin takarda.

Wanda ya fi kowa iya wasa a wurin shi ne Ustaz, tsohon malamin firamare da ya yi ritaya. Hausarsa a bakin kakarsa ya koye ta, don haka za ka ji tsohuwar kalmar da rabona da ita tun ina yaro, a gefenta kuma Larabci zalla. Ba mugu ba ne. Lokacin da aka kwantar da ni asibiti shi ya fara zuwa, da kwalin dabino. Bakinsa ne dai ba ya hutawa.

Kowane wasa da 'ya'yanka biyu a cikin gidan abokin karawa ake fara shi. Su ake kira 'yan baya, su ne masu tafiya mafi nisa. Wani lokaci kana ajiye su can da gangan, kamar kwanton ɓauna, ko wani ɗansa zai fito tilo ka buge shi. Wani lokaci kuma hankali shi ne ka kwashe su ka gudu tun hanya na buɗe. Makon farko da samun finjalina na jefa shida da biyar, na ɗauki ɗan baya na zura da shi. Sai Ustaz ya ɗaga hannu kamar mai ba motoci hannu.

"Ya jama'a, ku ba shi hanya. Takari ya hango askar."

Aka yi dariya, ni ma na yi. Takari shi ne sunan da ake kiran irinmu da suka zo ibada suka zauna ba takarda, kuma gaskiya ne na yi gudun askarawa ba sau ɗaya ba, har takalmi na taɓa bari a wani lungu. Amma maganar ta zama waƙa. Duk sanda na taɓa ɗan baya, sai Ustaz ya leƙa titi ya ce, "Wace mota ce ta tsaya?" Ko ya ce, "A hankali, Alhaji, iƙamarka tana aljihu." Ina dariya a fuska, a zuci kuwa na yanke shawarar da ban gaya wa kowa ba: ba zan ƙara gudu a gaban mutanen nan ba. 'Yan bayana za su tsaya har sai an kore su.

Wata da watanni abin bai nuna ba sosai. Wani lokaci kwanton ɓaunar kan yi aiki, in buge ɗan wani a ƙarshen wasa, 'yan kallo su ce dillali akwai zuciya. Marsi ɗaya a wata, wani watan babu. Sai watan Safar na wata shekara, bayan na gama kwasar kayan Muharram hankalina ya dawo mirkaz. Cikin makon farko Ustaz ya ɗaura mini ƙulli ɗaya. Tsakiyar wata muka sake haɗuwa. Ya buge mini 'ya'ya biyu, na samu uku a gidansa, sai ƙwaya ta ba ni biyar da biyar, hanya fetal, da na so da biyu sun fita. Na dubi Ustaz, na ga ya riga ya fara leƙen titi. Na taka biyar ɗina a wani wuri, na rushe gidana da hannuna. Ya kwashe 'ya'yansa tas bai bar mini ko tilo ɗaya ba, ni kuwa ukuna ko rabin hanya ba su kai ba.

Baba ya ciro zare ya yi ƙulli na biyu, ya ja shi da haƙori. Saura kwana goma sha uku wata ya mutu.

Dabarar da ta fara zo mini ita ce ta ɗan kasuwa: in ɓace, in ce aiki ya yi yawa a sito, sai wata ya kama. Amma Baba ya riga ya toshe wannan ƙofar tun kafin zuwana. Mai ƙulli biyu in ya yi fashin layinsa, ba a yanke masa zare, da ƙullinsa zai shiga sabon wata. Na gaya wa matata halin da ake ciki. Ta ce, "To ai alheri ne, sai ka huta da ɗaukar zunubi." Ba ta yi ƙarya ba.

Bayan kwana biyu, da hantsi, sai ga Baba a sitona na Ka'akiyya, wai mukayyif ɗin ɗakinsa na ƙara, yana son in duba masa wani. Na nuna masa uku, bai kalli ko ɗaya da kyau ba. Ya samu wata katifa ya zauna.

"Dillali, in ka sayi mukayyif goma a rufe, ka kawo nan ka tarar takwas injinsu ya mutu, me kake yi?"

Na ce, "In cire tagullar ciki, in ware fankar da ke da rai, ƙarfen in kai wa 'yan gwangwan."

"Ba ka jera su ka zauna kana jiran su tashi?"

"Baba, ai ba hauka nake ba."

"A nan ba ka hauka. Sai ka hau kujerata. Kai da bakin Ustaz kake wasa, ba da allonsa ba."

Na ce masa ba ya jin abin da Ustaz ke faɗa ne? Ya ce yana ji, kuma shekara talatin yana jin irinsa, kowa akwai waƙar da Ustaz ya yi masa. Shi kansa ce masa yake direban da ya ɓatar da alhazai. Daga nan ya ba ni labarin.

"Shekarar farko da aka ba ni mota, da muka shiga Muzdalifa sai na kutsa can ciki, ina neman wuri mai kyau kusa da ruwa, don alhazaina su ce sun yi dace da direba. Gari ya waye motoci sun rufe ni gaba da baya. Masu ƙarfi suka sauka suka tafi Mina a ƙasa. Tsofaffi biyu ne ba su iya ba, na zauna da su a motar har azahar, ɗaya tana tsine mini da Fulatanci. Daga shekarar nan a bakin hanya nake fakawa, hancin mota yana kallon Mina. Wurin ba daɗi, alhazai na ƙorafi. Amma ban ƙara kai azahar a Muzdalifa ba."

Ya tashi ya share saman wani firiji da hannun rigarsa, ya zana zango huɗu da alli, ya ce in ba shi noti da kusoshi. Ya nuna zangon farko ya ce nan Arfa, na biyu Muzdalifa, na uku Mina, na huɗu Makka, gida ke nan. Ya ce Allah ya yafe masa da ya sa sunayen nan a kan wasa, amma shi direba ne, da su kansa ke aiki.

Abin da ya koya mini ranar nan ba yadda ake cin wasa ba ne. Ya ce cin wasa kowa na so, kuma rabinsa na ƙwaya ne. Abin da ke hannunka shi ne ka gane lokacin da wasa ya mutu. Da ka gane, sai ka daina tambayar yaya zan ci, ka koma yaya zan fitar da ɗa ɗaya. Ya ce mutane da yawa sun san amsar tambaya ta biyu, amma sai sun makara suke yin ta.

Ya jera noti biyu a gurbi ɗaya cikin Arfa, kusa da bakin fita. Ya ce in za ka zauna a gidan mutum, zauna nan, su biyu, kusa da ƙofa. Duk ɗanka da aka buge yana da wurin sauka, ba za a taɓa rufe ka ruf ba, kuma fita ba nisa. Can ƙuryar gidan kuwa, wurin da na fi so, shi ne wuri mai kyau kusa da ruwa. Sai ya warwatsa kusoshi uku tilo-tilo a tsakiyar allon ya ce, "Wannan ce cutarka ta biyu. An buge maka ɗa ɗaya, maimakon ka tattara sauran, sai ka bar su a titi kana neman ramuwa. Ɗa ɗaya a baya ba ya kawo marsi. Na biyu da na uku da aka tsince ne ke kawo shi."

Na ƙarshe shi ne ƙidaya, kuma shi ya fi daɗe a kai. Ya ce in ka tashi gudu kada ka ƙirga idon ƙwaya, ƙirga iyakar zango. Kowane ɗa iyaka nawa ya rage masa ya tsallaka kafin gida? Kowace ƙwaya da ka jefa, ka sa ta tsallakar da wani, kada ka ɓata ta kana gyara zaman waɗanda suka riga suka isa. Kuma wanda ya iso gida ajiye shi a bakin ƙofa, a gurbin farko, kada ka kai shi ƙurya. Takun da ka ɓata wajen kai shi ciki, na wani ne da ke waje. Sannan ka dubi abokin karawarka: 'ya'ya nawa suka rage masa, jifa nawa ke nan, biyu-biyu. In jifarka ta yi daidai da tasa, tashi yanzu. In ka ce bari in ƙara jira sau ɗaya, ka makara.

Na ce, "In kuma na gudu, sai ya bar tilon da nake jira fa?"

Ya ce, "Zai bari. Sau da yawa ma. Za ka ji haushi, za a yi maka dariya, finjalinka kuma yana kan tire."

Ya tafi bai sayi mukayyif ba. Da na bi shi da maganar daga baya, ya ce ƙarar ta daina da kanta.

Sauran kwanakin na buga layina ban yi fashi ba. Na faɗi da yawa, fiye da yadda na saba, amma duk faɗuwar ɗaya-ɗaya ce. Sai dai ban ɗauki wannan a bakin komai ba, domin Ustaz ya tafi ziyara Madina, ba wanda ke leƙa mini titi. Gudu a gaban wanda ba ya maka dariya ba wuya.

Ya dawo ranar ƙarshe ta Safar. Ya raba mana dabino da na'ana'ar Madina, ya hau allo, ya sauke mutum biyu a jere. Ƙa'ida ita ce mai ci shi ke zama, don haka da layi ya zo kaina shi na tarar. Rana ta yi sanyi, magariba ta kusa. Ya ɗauki finjalina ya ɗaga shi sama yana duba zaren kamar mai duba gwal.

"Biyu ne, ya Alhaji? Bismilla, zauna. Kofin takarda ma shayi ɗaya ne."

Wasan ya ɓaci tun jifa ta uku. Ya buge mini ɗa, na shigo, ya sake buge shi. Na nemi gurbin bakin ƙofa ban samu ba, ya riga ni kullewa, dole na zauna a ƙuryar da Baba ya hana. Akwai lokacin da tilonsa ya fito a tsakiyar allo, kuma ina da ƙwayar buge shi, amma da na yi haka zan bar nawa biyu a buɗe. A da ko tunani ba zan yi ba. Ranar nan na haɗe nawa wuri ɗaya na bar nasa ya wuce. Wani ɗan kallo ya ce dillali ya tsufa. Daga baya na samu shida na fitar da ɗan baya ɗaya yayin da Ustaz ke amsa waya, ya ji haushi da abin ya wuce shi.

Ga yadda allo ya tsaya a ƙarshe. Ustaz ya fitar da takwas, saura bakwai: uku a gurbi ɗaya, sai biyu-biyu a gaba da su. Ni ina da goma sha biyu a gida, amma sun cushe a ƙurya, gidan ba ƙofar kirki. Biyu suna Mina, taku biyu tsakaninsu da gida. Ɗaya kuma, shi kaɗai, yana can ƙuryar Arfa, a bayan 'ya'yan Ustaz duka. Na jefa, ta ba ni shida da biyar.

Hanya biyu ce. Ko in shigar da na Mina biyun gida da su, ɗan bayan ya ci gaba da kwanto. Ko in ɗauke shi in ba shi goma sha ɗayan duka. Kwanton ba na banza ba ne: ukun nan na Ustaz da ke gurbi ɗaya, in ya jefa manya biyu dole ya fitar da biyu ya bar ɗaya tilo, taku uku daga ɗana. Kowa a mirkaz ya ga haka.

Ustaz ya juya ya leƙa titi, ya daɗe yana leƙe, har da kare ido da hannu.

"Wallahi mota ce, mai fitila a ka. Alhaji, takalminka na kusa?"

Aka yi dariya. Ban kalli Baba ba, na san ba a koyarwa a kan allo. Na yi ƙidaya. Bakwai gare shi, jifa huɗu ke nan in bai samu tagwaye ba, ni kuma uku nake da su kafin ya gama. In na gudu yanzu, iyaka huɗu suka rage mini, jifa biyu ke nan, ta uku in fitar da ɗa. Daidai, ba rara. In na tsaya, sai abu biyu sun haɗu: ya bar tilo, ni kuma in jefa uku. In ɗaya ya kuskure, ɗana yana da taku goma sha takwas a gabansa, ba lokaci. Kuma ko na buge shi, gidana ba ƙofar da za ta tsare shi.

Na ɗauki ɗan bayan na taka shida, na taka biyar, na ajiye shi a ƙarshen Muzdalifa.

"Ya tsere," in ji Ustaz. "Ku riƙe masa takalmi."

Ya jefa shida da huɗu. Ya fitar da biyu daga ukun nan, ya bar tilo, daidai inda nake jira. Ni kuma na jefa huɗu da uku.

Mirkaz ya ɗauki hayaniya. Ustaz ya ɗaga ƙwayar mai ido uku ya nuna wa kowa ɗaya bayan ɗaya.

"Ga ta nan. Ta zo gaishe ka ta tarar ka yi ƙaura."

Na ce, "Ba ni ƙwayata, Ustaz, magariba na zuwa."

Ba zan ce ban ji ciwo ba. Amma aikin gabana bai ƙare ba. Na ba mai gudun bakwai ɗin duka: huɗu ta shigar da shi Mina, uku ta sauke shi a gurbin farko na gida, ko taku ɗaya bai ɓata ba. Saura biyun nan na Mina. Ustaz ya fitar da biyu, saura uku. Abin da nake tsoro yanzu ido ɗaya ne, don ba zai kai kowannensu gida ba. Na jefa biyar da biyu, duka suka shiga. Goma sha biyar a gida, ban fitar da ko ɗaya ba.

Uku suka rage masa. In ya jefa tagwaye ya kwashe su a jifa ɗaya, an gama, kuma babu abin da zan iya yi a kai. Ya daɗe yana kaɗa ƙwayoyin a tafin hannu. Ya jefa biyar da biyu. Ya fitar da biyu, ɗaya ya rage masa a allo.

Na jefa biyu da ɗaya, jifa mafi ƙanƙanta da za ta iya zuwa, kuma ta isa. Na ɗauki ɗa daga ƙuryar gidana na ajiye shi a wajen allo, a kan shimfiɗa. Ustaz ya ɗauke na ƙarshensa ko jifa bai yi ba.

"Na ci," ya ce.

"Ka ci. Ɗaya."

"Da ka tsaya da ka buge ni."

"Da na tsaya, Ustaz, da wata ƙwayar ce za ta zo. Ni da abin da ke allo na yi ciniki."

Ya dube ni, ya dubi Baba, ya ce, "Wannan ba maganarsa ba ce. Ya ammi, Baba, kai ka je Ka'akiyya."

Baba ya ce mukayyif ya je nema. Ya ɗauki buta ya zuba shayi a finjalin mai ƙulli biyu ya tura gabana. Ban kai ga shanyewa ba ladan ya kira, aka rufe allo, muka tashi alwala.

Washegari da la'asar Baba ya bi finjalai da ɗan almakashinsa ya yanke zaren kowa, ya jefa a kwandon shara tare da ganyen shayi. A watan da ya biyo baya an ɗaura mini ƙulli ɗaya, a wasan da na yi komai daidai, ƙwaya ce kawai ta ba abokin karawata tagwaye sau biyu a jere. Wannan ba ya damuna, kuskuren ba nawa ba ne. Ban dai sake kaiwa biyu ba.

Ustaz har yau yana leƙa titi in na taɓa ɗan baya. Nakan bar shi ya gama, don ni ma lokacin nake ƙidaya.